Daren da na sauka filin jirgin Kaduna da Inna

Sau uku ke nan ina sauka a filin jirgin saman Kaduna daga Legas. Ta biyun ce ta tsaya mini a rai, domin ranar ba ni kaɗai ba ne, Inna na tare da ni.

Wanda bai taɓa sauka a nan ba, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne filin ba a cikin gari yake ba. Yana can ƙaramar hukumar Igabi, kimanin kilomita 22 daga tsakiyar Kaduna ta arewa maso yamma, kuma tun 1982 aka buɗe shi. In ka fito sai ka bi titin da ya ratsa Afaka, ka wuce makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, sannan ka iso shataletalen Mando. A Mando ne za ka fara jin hayaniyar gari: ga tasha, ga 'yan Keke, ga 'yan kamasho na kiran Birnin Gwari. Mutumin da ya saba da Kano, inda yana barin filin Malam Aminu Kano zai tsinci kansa cikin unguwanni, a nan zai sha mamaki. Tsakanin ƙofar filinmu da Mando akwai wuraren da in ka duba dama da hagu, ciyawa da bishiyoyi kawai za ka gani.

Saukata ta farko da hantsi ne, daga ni sai jakar goyo. Da direbobin tasi na filin suka faɗa mini kuɗin shata zuwa Tudun Wada, na ce a'a, na gode. Na taka da ƙafa har na wuce inda ake karɓar kuɗin shiga, na tsaya bakin titi cikin rana. Can sai ga wani bawan Allah da ya kawo matarsa zai koma, ya rage mini hanya zuwa Mando. Daga nan Keke zuwa Kawo, bas zuwa Kasuwa, wani Keken zuwa gida. Abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin tasi ba, amma sai bayan azahar na shiga gida. Na ji daɗin arhar, har na riƙa ba abokaina labari. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, ba dabarata ce ta kai ni Mando ba, sa'a ce na taka.

Ta biyu a watan Disambar 2023 ne. Inna ta yi wata biyu a Agege wajen ƙanwata da ta haihu, aka ce in je in taho da ita, tunda gwiwoyinta ba za su jure zaman motar kwana ba. Kayanmu manyan jakunkuna uku ne, har da buhun garin kwaki da surukai suka haɗa mata. Jirgin ƙarfe biyu aka rubuta a tikiti. Lokacin hunturu ne, aka ce hazo ya rufe Kaduna, aka yi ta ɗagawa, ba mu tashi ba sai bayan la'asar sakaliya. Muna sauka ana kiran magariba.

Ban gaya wa kowa ya zo ɗaukarmu ba. Na dogara da manhajar kiran mota da ke wayata, domin a cikin gari tana yi mini aiki sosai. Na kira ta farko, direban ya bugo ya ce yana Unguwan Rimi, kuɗin da manhajar ta nuna ko mansa ba zai saya ba, sai dai in ninka masa. Kafin in yanke shawara ya soke. Na biyu ya karɓa, na zuba wa 'yar motarsa ido a taswira minti goma sha biyar ba ta motsa ba. Cajin wayata kuwa ya riga ya koma ja, saboda yinin da muka yi a Legas ina ta danne-danne.

Ina cikin wannan, fasinjojin da muka sauko tare suna ta watsewa. Wannan an zo da mota an ɗauke shi, wancan ya shiga tasi. Filin Kaduna ba irin na Legas ko Abuja ba ne da jirgi ke sauka kan jirgi. In na ku ya juye mutanensa, wurin sai ya yi tsit. Na waiga na ga Inna zaune a kan jaka ɗaya, ta ja mayafi ta rufe hanci saboda sanyi, carbi a hannunta, ba ta ce da ni komai ba. Wannan shirun nata ya fi faɗa ciwo a wurina.

Motocin tasi biyu suka rage. Na nufi wani dattijo mai farin gemu da ke naɗe tabarmar sallarsa a gefen mota.

"Salamu alaikum, Baba. Tudun Wada za ka kai mu."

Ya amsa, ya faɗi kuɗi. Na taya rabi.

"Albarka, ɗana," in ji shi. Ya leƙa bayana ya hango Inna. "Waccan mahaifiyarka ce? To, fara kawo ta ta zauna cikin mota, iskar nan ba ta tsofaffi ba ce. Ciniki ba zai gagare mu ba."

Shi da kansa ya buɗe mata ƙofa, ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya, a hankali." Ya matsar da kujerar gaba don ta miƙe ƙafa. Muka daidaita ya rage mini kaɗan, muka loda jaka biyu a but, ɗaya a kujerar gaba, ni na zauna baya kusa da ita.

A hanya ne ya warware mini lissafin da ban taɓa yi ba. Tun safe yake filin, yana bin layi. Man da ya ƙona ya zo daga gari babu fasinja, cikin kuɗina zai fita. Ga kuɗin shiga fili, ga na ƙungiya. Wata rana su yini a ce an soke jirgin, kowa ya koma gida hannu rabbana. Tun kuma da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, abin da yake zubawa a tanki ya ninka kusan sau uku. Da na ji haka sai na daina kallon kuɗin a matsayin tsuga. Har yanzu ina ganin yana da tsada ga talaka, kuma ina ganin bai dace a ce birni kamar Kaduna ba shi da bas ɗin da ke jiran kowane jirgi ya kwashi mutane zuwa Kawo ko Kasuwa a farashi sananne ba. An taɓa nuna ana iyawa: a 2017, da aka rufe filin Abuja mako shida daga 8 ga Maris don gyaran titin saukar jirage, aka karkato da jiragen zuwa nan Kaduna, motocin bas ne suka riƙa jigilar fasinjoji har Abuja da rakiyar jami'an tsaro. Amma wannan ƙorafi ne da ya kamata a kai wa hukuma, ba dattijon da ke neman abincin iyalinsa ba.

Duhu ya gama rufawa muka iso shingen sojoji. Tun daga nesa ya rage gudu, ya kashe babbar fitila, ya kunna ta cikin mota, ya sauke gilashi. Sojan ya haska mu, ya gane shi, suka gaisa, ya ɗaga mana hannu. Duk ɗan Kaduna ya san dalilin shingayen nan. A yankin Afaka ne aka sace ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a Maris ɗin 2021, a watan Agustan shekarar aka kai hari cikin NDA, sannan ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai farmaki gefen filin jirgin kansa, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan Abuja. Ba don in tsorata kowa nake tuna wannan ba. Mun bi hanyar lafiya, mutane na bin ta kullum. Sai dai a daidai wannan shingen ne na tuna yadda na tsaya bakin titin nan ni kaɗai a zuwana na farko ina jiran a rage mini hanya, na kuma tambayi kaina da yanzu ne fa, da Inna a gefena.

A Mando ya tambaye ni ta ina. Nan ma akwai abin lura. Mai zuwa Malali, Unguwan Rimi ko tsakiyar gari, ta Kawo zai bi ya kama titin Ali Akilu zuwa Ahmadu Bello. Mu na Tudun Wada, da na Rigasa da Kabala, titin Nnamdi Azikiwe ya fi mana, wanda kowa ke kira Bayfas, duk da tireloli sun yi masa yawa da daddare. Mai zuwa Barnawa ko Sabon Tasha kuwa sai ya ƙetare kogi, tafiyarsa ta kusa ninka ta mai sauka Kawo. Shi ya sa in kana ciniki kada ka ce "cikin gari" kawai. Faɗi unguwa, faɗi layi, ka tabbatar kuɗin har da kaya, kafin a rufe but.

A ƙofar gida na ce zan yi masa tiransifa, wayar ta mutu a hannuna. Kuɗin aljihuna bai kai ba. Inna ce ta kwance bakin zanenta ta cika. Tun daga ranar ba na hawa jirgi sai da tsabar kuɗin mota a aljihu daban, da abin cajin tafi-da-gidanka a jaka.

Wasu abokaina sun ce su sun daina wannan wahalar, ta Abuja suke sauka su kama jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, tunda jiragen sama sun fi yawa a can. Ga mai tafiya shi kaɗai da ya samu tikiti, hanya ce. Da tsohuwa da jaka uku, ba zan gwada ba.

Kafin dattijon direban ya tafi a daren nan na karɓi lambarsa a takarda. Tafiyata ta uku, tun ina Legas na kira shi da safe na faɗa masa jirgin da zan shigo, da aka fara kiran shiga kuma na sake bugawa. Ina fitowa na same shi jingine da motar. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya ƙafar Hajiya?" Na ce da sauƙi, na miƙa masa ƙullin goron da ta ce lallai in ba shi.