Talata, ni da Dattijuwa a garejin Baba Dogo

Tun da safe Dattijuwa, tsohuwar motata, ta ba ni kunya a ƙofar gida. Na fito zan kai yara lakkwal, na murza makulli ta tashi lafiya lau kamar kullum, sai dai hayaƙin da ta feso ta baya ya kusa rufe mai kokon da ke bakin layinmu, shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai, Auta na kujerar baya ta toshe hanci tana cewa Baba motarmu ta fara turaren wuta. Na yi dariya, amma fa cikina ya ɗuri ruwa.

Ku da kuke bin rubutuna kun san galan ɗin baƙin mai ba ya barin but ɗina, har Uwargida tana kiransa ɗan rakiya. To abin ya wuce nan yanzu. Satin da ya wuce da muka je Tasawa gaisuwa sai da na cika mai har layin sama na sandar awo kafin mu tashi, tafiyar kilomita 120 da ƴan kai ce, zuwa da dawowa a ce 250, da na dawo na zaro sandar mai ya sauka tsakiya. Tsakanin layin sama da na ƙasa kusan lita guda ne, ke nan lita ɗaya a kilomita 500 take sha. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kwana biyu ko ɗigo babu. Ba zubarwa take ba, shanyewa take.

Sai kuma rashin ƙarfin. Ran Juma'a ina dawowa daga Tibiri na taka totur har ƙasa a ɗan hawan nan, wani adaidaita shaƙe da buhunan hatsi ya zo ya wuce ni, direban har da leƙo kai yana min alama da hannu wai lafiya? Lafiyar ke nan.

Don haka ina sauke yara na zarce wajen Baba Dogo makaniki ban ma leƙa biro ba. Na tarar da shi kan benci yana shan shayi, Bakano na kwance ƙarƙashin wata tasi. Bayan mun gaisa na fara zuba bayani ya ɗaga min hannu, ya ce Malam dakata, hayaƙin wane launi ne? Na ce shuɗi. Ya ce to madalla ka rage mana aiki, baƙi isansi ne ya yi yawa, fari mai kauri ruwa ne ke shiga ta juwan kulas, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa tare da isansi. Saura mu san ta ina yake shiga, ta sama ko ta ƙasa. Da safe kaɗai take yi in ta kwana, ko in ka taka ta? Na ce da can da safe ne kawai sai ya ɗauke, yanzu kuwa ko a hanya in na taka ina ganinsa a madubi. Ya ce na safen robobin sufaf ne, wato bawul ɗin kan silinda, suka bushe, mai na tsiyaya cikin silinda da dare, na hanyar kuma... sai ya yi shiru ya kurɓi shayinsa. Ni wannan shirun nasa ne ba na so.

Bakano ya fito yana goge hannu ya ce Baba ai ringi ne kawai, wato zobban da ke jikin fiston. Shi tunda ya yi shekara uku a Kano komai da sunan can yake kiransa, ringi, fulogi, kuloci, salansa, Baba Dogo kuma segima, buji, ambiriyaj, kullum sai sun yi wannan rigimar kamar ba abu ɗaya suke nufi ba. Baba Dogo ya ce kai dai kawo min kile, ba a yanke wa mota hukunci daga ƙarƙashin wata motar.

Ya fara da mai sauƙi. Ya ja birkin hannu ya sa bitesi na uku ya saki ambiriyaj a hankali, mota ta mutu nan take, ya ce wannan lafiyarsa lau, da yana zamewa ne da injin ya ci gaba da kuka mota na tsaye. Ya sake tayar da ita ya buɗe murfin da ake zuba mai ya ɗora tafin hannu, ni ma ya ce in ɗora, iska ce ke bugo hannuna fuf fuf fuf har da ɗan hayaƙi. Ya ce ka ji ƙarfin motarka nan, maimakon ya tura fiston yana sulalewa ta gefe yana gangarawa ƙasa. Sannan ya zare wani ɗan bawul a saman murfin injin, wanda injin ke numfashi ta cikinsa, ya kaɗa shi kusa da kunnena, ya ce lafiyayye ƙara yake kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan shiru, ya toshe da dauɗa. Ya ce in ya toshe iska na taruwa a ciki ta riƙa tura mai duk inda ta samu kafa. Wallahi nan take na ji sanyi a raina, na ce to Baba ai shi ke nan a canza shi, nawa yake? Ya ce za a canza, amma kar ka yi saurin murna.

Aka kwance buji huɗun aka jera a kan kwali. Duk sun yi baƙi, na uku kuwa jiƙe sharkaf da mai, ya ce wannan rabin lokaci ba ya ma kawo wuta, da ƙafa uku kake tafiya. Ya aiki Bakano ya aro agogon awon matsi a garejin maƙwabta. Silinda ta farko 9, ta biyu 8, ta uku 6, ta huɗu 9. Ya ce injin irin wannan in yana da lafiya wajen 12 ake nema, kuma kar su yi wa juna nisa. Sai ya ɗebo baƙin mai kamar cokali guda ya tsiyaya a ramin buji na uku aka sake murzawa, allura ta haura 10. Ya ce ka gani, man ya toshe gefen fiston na ɗan lokaci shi ya sa ta hau, da sufaf ne ko juwan kulas da ba ta motsa ba. Segima ne. Bakano ya washe baki ya ce ai na faɗa, Baba Dogo ya ce ka faɗa amma ba ka sani ba.

Duk wannan na shanye shi, tsohuwar mota ce ta 1996, kwantarta ya wuce 340,000, me ake jira. Abin da ya hana ni sukuni har yanzu da nake rubutun nan shi ne abin da ya biyo baya.

Yana cikin mayar da kaya ya buɗe akwatin filtar iska, filtar ba ta yi wani muni ba, sai ya bi tiyon da ya tashi daga akwatin zuwa injin da hannu, ya tsaya. Ya juya shi. A ƙasansa akwai tsaga, an naɗe ta da robar tsohon tib, robar ta bushe ta saki tuntuni. Ya zura yatsa cikin tiyon ya fito da shi ya nuna min, jar ƙura ce lukui ta cakuɗe da mai, ya murza ta tsakanin yatsunsa ina jin ƙaras ƙaras. Ya ce Malam wa ya ɗaura wannan?

Na so in ce wani yaro ne a hanya. Bakina har ya buɗe. Amma ni ne, da hannuna, a hanyar Dakoro shekara biyu da suka wuce, na ce in na dawo gida zan sayi sabo, na ma tambayi kuɗinsa a kasuwa aka ce jika 6 na ce sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata 24 ke nan.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi hunturu biyu iska na shiga ta nan ba ta bi ta filta ba, kai ka san ƙurar garin nan, in ta haɗu da mai a jikin silinda dutsen wasa ce, tana cin segima tana cin bangon a hankali. Sai ya goge yatsansa a tsumma ya ce, Allah ya jiƙan Alhaji, shekara 14 yana kawo min motar nan, ko ƙara ya ji wadda bai gane ba sai ya zo mun saurara tare. Iyakar abin da ya ce ke nan ya ci gaba da ɗaure buji. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, ina tuna yadda Alhajin, mahaifina, ke fitowa da asuba da tsummansa ya buɗe kapo kafin ma ya karya, mu muna masa dariya wai ya fi kula da ita a kan mu.

Maganar gyara kuma. Bakano ya ce a zuba mai kauri 20W-50 a ƙara da wannan na gwangwani mai kama da zuma, hayaƙi zai ragu. Baba Dogo ya ce zai ragu mana, kamar yadda zane ke rufe ƙurji. In gyara nake so sai an sauke injin, a auna silinda, in ba ta ci sosai ba segima da robobin sufaf da juwan sun isa, in ta ci sai an kai an gure ta a sa fiston masu girma, ko kuma in nemi injin okaziyo, wato na hannu, wanda shi ma sayen kifi a ruwa ne. Ya ce kuma a duba tukunyar tace hayaƙi ta salansa, man da ke ƙonewa na toshe ta, ita ma tana shaƙe mota. Lissafin farko jika 180, kafin a buɗe a ga abin da ke ciki. Yau dai an canza ɗan bawul ɗin da buji, tiyon ma an sa sabo, jika 7 da rabi ya koma. Ta ɗan warware a hanyar gida amma hayaƙin na nan.

Biro sai bayan azahar. Ban yi aikin kirki ba.

Kawu ya kira kan maganar gona, na ba shi labari a taƙaice, ya ce in zuba mai kaurin in wanke ta in kai ta wajen dillalai tun tana tashi da kanta. Na ce to. Ba zan iya ba, shi ma ya sani.

Da dare Uwargida na zuba min tuwo ta ce me Baba Dogo ya ce? Na ce tsufa ne. Ta ce Allah sarki Dattijuwa, ai ta yi ƙoƙari. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin tuwona, miyar kuka ce ta ji daddawa amma ban ji daɗinta ba.

Robar tana aljihun rigata, ban san dalilin da ya sa na ɗauko ta daga ƙasan gareji ba, sai da na zo cire riga na ji ta. Gobe in Allah ya kai mu zan je in ga ko za a ba ni bashi a kan albashi, in ba a samu ba sai bayan an sayar da wake. Kafin nan yara sai kabu-kabu, Auta ta riga ta ce ita a gaba za ta zauna.