Abin da bakin doki ya koya mini a barga

Makonnin da ke gabanin sallah su ne lokacin da bakin doki ya fi shan wuya a Zariya. Ingarman da ya shafe watanni a turke yana cin harawa da dusa, rana ɗaya sai a ɗaura masa sirdi a fara fita da shi kilisa kowace yamma, saboda hawan sallah da hawan bariki da hawan daushe sun ƙarato, kuma kowane mai doki yana so a ga nasa ya taho a sukwane ya ja zamiya a ƙofar fada. Sana'ata horar da dawaki ce a wata barga da ke cikin birni, kuma a irin wannan lokacin ne ake yawan jawo mana doki a ce ba ya jin linzami, a gyara shi kafin ranar hawa. Abin da aikin ya koya mini shi ne in buɗe bakinsa tukuna kafin in sa ƙafa a likkafa. Sau da yawa a nan ake gano bakin zaren.

Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai wani fili da babu haƙori, a nan linzami yake zama. Duk wanda ya taɓa sa yatsa a wurin ya san babu wata tsoka, fata ce 'yar siririya a kan ƙashi. Linzaminmu na gargajiya kuwa yana da zobe da ke zagaye muƙamuƙin ƙasa, ga kuma ƙarfen da ke tashi ya tokari ganɗa idan an ja. Ba na cikin masu cewa a jefar da shi. A hannun gwani motsin yatsa ya isa, doki ya tsaya cak ba tare da an ji masa ciwo ba. Amma a hannun yaron da ya ƙanƙame igiyar linzami don tsoron faɗuwa, ƙarfen nan yana danne harshe, ya kuje dasashi, wani lokaci raunin har ya kai ga ƙashi. Kada kuma a ɗauka namu ne kaɗai ke yin ɓarna. A ƙasar Finlan, a wani bincike da aka wallafa a 2019, an duba bakunan dawaki 261 masu jan keken tsere bayan sun gama gudu, aka samu 84 cikin 100 da rauni a baki, alhali linzamin Turawa aka sa musu. Hannun da ke riƙe da igiya shi ne rabin maganar.

Doki ba ya ihu idan ya ji ciwo. Dabba ce da asalinta namun daji ke farauta, ɓoye rauni halinta ne. Shi ya sa karin maganar nan, labarin zuciya a tambayi fuska, ta fi dacewa da shi fiye da kowace dabba da na sani. Kafin ya yi tutsu ko ya miƙe da ƙafafun baya, ya riga ya nuna. Leɓɓansa za su ɗaure, haɓarsa da ke da laushi ta dunƙule ta yi tauri, ƙofofin hancinsa su buɗe, tsokar kumatu ta fito sarai, fatar saman ido ta tattare. Idan ba a kula ba sai ya wangale baki, ya karkace muƙamuƙi gefe, ya janye harshe baya ko ya ɗora shi bisa linzami, ko ya zaro shi ta gefe. Na sha jin ana cewa haki ne yake yi. Ba haka ba ne: doki ta hanci kaɗai yake numfashi, halittarsa ba ta ba shi damar shaƙar iska ta baki. Dokin da ya buɗe baki ƙarƙashin mahayi, gudun ƙarfe yake yi. Harshen da ya fara komawa shuɗi kuwa, an matse shi har jini bai gudana sosai, kuma wannan ba abin jira ba ne, a sauka nan take.

Wata masaniyar lafiyar dawaki a Ingila, Sue Dyson, ta tsara alamomi 24 da doki mai ciwo ke nunawa idan ana kansa, ta wallafa a 2018. Buɗe baki har haƙora su rabu na tsawon daƙiƙa 10 yana ciki, haka zaro harshe, da kwantar da kunnuwa baya, da yawan kaɗa wutsiya. Idan takwas ko fiye suka haɗu, akwai yiwuwar ciwo sosai. Abin da ya fi amfanata a aikinta shi ne ciwon ba lallai ya kasance a bakin ba. Doki na iya fama da ƙafa ko gadon baya, sirdi na cin sa, amma a baki za ka gani. Tun daga nan, idan na duba baki na same shi lafiya, sai in koma ƙarƙashin sirdi da majayi da kofato.

Alamar da ta fi rikita masu horo ita ce lasar leɓe da tauna babu abinci a baki. An kora doki ya zagaya har ya jiƙe, an tsayar da shi, sai ya sunkuyar da kai ya fara lasar baki. Nan take 'yan kallo su ce ya sallama, ya gane. Ni ban yarda da wannan fassarar ba. Duk wanda aka taɓa kira gaban alƙali ya san yadda baki ke bushewa ƙayau, sai an fito miyau ya dawo mutum ya haɗiya. Haka jikin doki yake: tsoro yana tsayar da miyau, idan ya lafa miyau ya dawo, shi ne yake lasa yana taunawa. Wasu masu bincike daga ƙasar Nowe sun je sun lura da dawakin da ke yawo sake a tsaunukan ƙasar Ikwado, suka gabatar da sakamakonsu a 2018. Sun ga idan dawaki biyu suka yi gaba, duka biyun suna wannan taunar bayan an rabu, har da wanda ya yi barazanar. Da alamar miƙa wuya ce, mai nasara ba zai yi ba.

Saboda haka lasar baki labari biyu take ba ni. Na farko mai daɗi ne, hankalinsa ya fara kwanciya. Na biyu kuwa tambaya ce a kaina: me ya tayar masa da hankali har bakinsa ya bushe? Idan a darasi ɗaya doki ya yi ta lasar baki sau da yawa, to ana kai shi bango ana dawo da shi ne, ba koyo yake yi ba. Idan na ga ya fara, nakan sassauta igiya in ƙyale shi ya gama, ba na ba shi sabon umarni a kai. Wannan taunar daban take da abin da ɗan doki ke yi idan ya tunkari babba, ya miƙa wuya yana buɗe baki yana rufewa. Wannan roƙo ne na yarinta, kuma yakan bari idan ya girma.

Kumfa ma haka take. 'Yar fara-fara a gefen leɓe ba komai. Wadda ke dalala har ƙirji tana nuna ya kasa haɗiyar miyau. Idan ta yi ja-ja, jini ne.

Sai haƙora, waɗanda masu dawakinmu suka fi mantawa da su. Turamen doki ba sa daina tsirowa sai ya tsufa, suna ƙara fitowa kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna ce ke cinye su. Da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, cin ba ya zuwa daidai, sai gefen waje na turamen sama ya yi kaifi yana yankar kumatu, gefen ciki na na ƙasa yana yankar harshe. Za ka ga doki yana zubar da hatsi, ko yana tofar da dunƙulen ciyawa da ya tauna rabi, ko yana karkata kai in yana ci. Ga kuma duƙushi: tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar yake famfara, wato daidai lokacin da muke fara sa masa linzami. Wasu ma suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turame, inda ƙarfe ke bugawa. Mu a Zariya ba mu da uzuri, tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na koyarwa suna nan Samaru, kuma goge kaifin haƙori aikin likita ne.

Wani mai doki ya taɓa ce mini, «Malam, ai sai a sauya masa linzami mai ƙarfi.» Na ce, «Alhaji, Allah ya ƙara girma, kawo hannunka ka ji.» Da yatsansa ya taɓa kumburin da ke dasashin, dokin ya fizge kai, bai sake maganar linzami ba. Da ragama muka ci gaba da aikin har wurin ya warke.

Dokin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya yi shiru. Yana tsaye ƙyam, leɓe a ɗaure, ido a kafe ba ya ƙiftawa sosai, ba ya waiwayar komai. Ana yaba shi a ce mai ladabi ne. Wani lokaci ya gwada duk hanyoyin da ya sani ne, ja bai sassauta ba, sai ya daina gwadawa. Doki ba daga ja yake koyo ba, daga sakin da ke biyo bayan ja yake koyo. Idan ya tsaya kuma hannu bai saki ba, ba shi da hanyar sanin cewa tsayawar ce ake nema. Irin wannan dokin ne yakan fashe rana ɗaya a tsakiyar taro, a ce ba a san abin da ya same shi ba. Mai natsuwa na gaskiya leɓensa na ƙasa a sake yake, kunnuwansa na juyawa, yana ƙifta ido, yakan sauke dogon numfashi.

Da waɗannan alamomin nake auna sabar da doki da hayaniyar hawa, wato tambura da kakaki da algaita da ƙarar 'yan bindiga. Nakan fara daga nesa, a ƙasa, ina riƙe da ragama, da ɗan harawa a hannu, domin dokin da ya tsorata sosai ba ya cin abinci. Muddin yana tauna harawar, haɓarsa da laushi, sai mu matsa kusa kaɗan. Da ya daina tauna, ciyawa na rataye a bakinsa, mun kai iyakarsa ta ranar, sai mu ja baya har ya ci gaba da ci, mu dakata a nan. Washegari daga wannan wurin muke farawa.