Asabar: duban gida kafin damina

Yau Asabar ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba fita sai ƙarfe goma. Shi ya sa na kwana a gidanmu na cikin gari, na kuma aika wa Baba magini ya leƙo da sassafe, tunda lungu ɗaya ne tsakaninmu. Gidan gado ne, ba a raba ba. Goggo na sashen ciki, ɗakunan waje 'yan haya ne, ni kuma aka ɗora wa karɓar kuɗi da sauraron ƙorafi. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma kowa a Kano ya san abin da ruwan Agusta ke yi wa gidan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Baba bai tsaya shan koko ba, sai ya ce a kawo tsani. A kan soron Goggo muka tarar indararo ya toshe da leda da kashin tattabaru, har ciyawar bara ta bushe a bakinsa. Ya ce: "Ɗana, ba saukar ruwa ke kayar da soro ba, kwanansa ne." Azarar giginya ce, gara ba ta cika damunta ba, amma bakinta da ke cikin bango shi ke ruɓewa idan danshi ya daɗe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya ware guda biyu ya ce a sauya.

Inda muka fi daɗewa shi ne katangar baya. Shekarun baya an yi mata filasta da siminti, a ido sumul take, ni ma da ita nake alfahari in baƙo ya zo. Baba ya buga mata ƙotar gatari, sai ta amsa kamar ganga. Ya sa ƙusa ya ɓamɓare wani ɓawo, ga ƙasar ciki ta zama gari, ga hanyar gara. Bayaninsa mai sauƙi ne: siminti ba ya kama jikin ƙasa da kyau, kuma ba ya barin bango ya sha iska. Da zarar ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, sai ya yi ta cin tubali a ɓoye har ranar da katanga za ta zube a kan masu barci. Mutanen da kuwa yaɓe suke sabuntawa a kai a kai, su shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Mai hali ya yi laso, wato katsin marina irin na Ƙofar Mata a haɗa da gashin jima da dafara. Yanzu masu wannan haɗin sun yi ƙaranci, Baba ma ya ce yaransa duk bulo suka iya.

Gindin katangar ma ya zaizaye, domin kwatar maƙwabta nan take kwarara. Na shiga na gaida maigidan, muka yi magana ta fahimta, ya yarda mu raba kuɗin bututu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba ginin ba ne. Murfin shaddar 'yan haya ya dare, ana ganin rodi ya yi tsatsa, ga yara na shiga su kaɗai. Tsakaninta da rijiya kuma bai kai taku goma ba, alhali ma'aikatan lafiya mita 30 suke cewa a bari. A cikin gari wa ke da wannan filin? Ba mu da shi, don haka na ce daga yau ruwan rijiyar na wanki ne kawai, musamman da yake da damina amai da gudawa ke ɓarkewa. A ɗakin ƙarshe kuwa na ga an toshe taga da kwali saboda sauro, ga janareta a bakin ƙofa. Na ce wa mai ɗakin: "Malam, don Allah a fitar da injin nan waje. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, a barci take ɗaukar mutum." Shi ma ya nuna mini wayar wuta da aka ɗaure da leda a saman gadonsa. Wannan kam tamu ce, ba tasa ba.

Da muna cin ɗumame Goggo ta ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, waɗanda ke shiga har tsakar gida su leƙa randa da masai, in sun ga ƙazanta a ci mutum tara. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, a nan Kano kuma hukumar tsara birane, wato KNUPDA, ce ke ba da izinin gini. Amma izini na ranar aza tubali ne. Lafiyar gida bayan shekara arba'in tana wuyan wanda ke karɓar haya, kuma ni a ganina duk ɗakin da ke yoyo, ko ba taga, ko ba masai mai aminci, bai halatta a karɓi kuɗinsa cikakke ba.

Bayan la'asar na kira Yaya. Shi fenti yake so a yi wa gaban gida, a sa tayil a zaure, a ƙara kuɗin haya. Na ce: "Yaya, ka yi haƙuri, bana babu rabon kuɗin haya. Shadda da wayar wuta da katanga ne a gaba." Ya yi shiru, sannan ya ce in tura masa lissafi a WhatsApp. Na tura, har yanzu bai amsa ba.

Gobe birkila zai zo auna murfin shadda, mai wayarin kuma sai Litinin. Mai ɗakin da ke jikin katanga zai koma zaure da kwana har a gama.