Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Ruwan Leda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan makon mun tsaya inda aka wuce da yarona ɗakin jarirai ban ko ga fuskarsa ba, bakwaini, sati 29, kilo ɗaya da 'yan giram.

"Ruwan leda ba ya raya ɗa." Haka Hajiya surukata ta ce a kan ƙarin ruwan da aka sa wa yaron, a gaban Goggo da Yaya ta faɗa, ina kwance ina jin ta. Allah Ya jiƙanta, amma wallahi har yau maganar nan tana ci min rai.

Da na samu na lallaɓa na je sai na tarar da shi cikin kwalba, an zura masa wani siririn tiyo ta cibiya, ga leda a rataye ruwanta ɗorawa-ɗorawa an lulluɓe ta saboda haske, ga kuma sirinji a jikin na'ura da wani abu fari kamar madara yana tafiya a hankali. Na ɗauka ƙarin ruwa ne irin wanda muka sani. Likitar ce ta zaunar da ni ta ce Maman bebi wannan abincinsa ne, akwai sukari, akwai furotin, akwai gishirin jiki da bitamin, farin nan kuma mai ne. Ta ce hanjinsa bai yi ƙwari ba, kuma tsotso da haɗiya da numfashi a tare sai wajen sati 34 yaro yake iyawa, ga shi a cikina dare da rana ta cibiya yake samun nasa, in aka yanke aka bar shi da ruwan sukari kaɗai to naman jikinsa zai dinga ƙonewa, shi ya sa tun ranar farko suka sa masa.

Sai kuma nauyinsa ya ragu. Kullum da safe nas za ta ɗora shi a sikeli ina tsaye ina kallon lambar tana sauka, Hajiya ta ce ai dama na faɗa, ruwan leda. Nas ɗin ta ce min kowane jariri sai ya ragu a kwanakin farko, yawanci ruwan jiki ne, wajen kashi 10 cikin 100 ko ya ɗan ɗara, kuma cikin kamar sati biyu yake mayarwa, daga nan abin da suke nema giram 15 zuwa 20 a kan kowane kilo kullum. Tef ɗin da take zagaya masa a kai ma ta ce ba wasa ba ne, ƙwaƙwalwa suke dubawa.

Yaron nan da kansa, yanzu da ya fi ni tsawo, shi ya karanta min a waya cewa wani likita Stanley Dudrick a Filadelfiya ta Amurka ya fara gwada ciyarwa ta jijiya a kan 'yan kwikwiyo, a 1968 kuma suka nuna jaririya ta girma da shi. Wai a Ingila ma tun 2020 ƙa'idarsu duk ɗan da aka haifa kafin sati 31 a fara masa. Ina ji ina ta kuka, ina ma Hajiya na raye ta ji da kunnenta daga bakin wanda ta ce ba zai yi ba, ita da daga baya ba ta da zance sai jikana jikana.

Gaskiya ɗaya dai, nonon da take ta nacewa a kai su ma likitocin sun nace. Dakashi nake tatsa ɗigo-ɗigo a sirinji, a ba shi ta robar hanci, suka ce shi ke tsare hanji daga wani mugun ciwo na bakwaini. Kuma ledar tana da nata haɗarin, ƙwayar cuta na iya bin tiyon ta shiga jini, in an daɗe hanta ta taɓu. Don haka nono na ƙaruwa suna rage ta. Amma kafin nonon ya kai, me ya riƙe shi? Ban taɓa iya tambayarta ba, suruka ce.

Sati mai zuwa in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin daren da aka kira Abbansu aka ce jikin yaron ya canja, za a cire tiyon.