Tokar da na zuba wa asaa

Har yau idan na kwashe tokar murhu da asuba, can bayan gida nake kai ta, nesa da inda asaa take, wata 'yar itaciya da in ka tsotsi ɗanta abu mai tsami ke zame maka zaƙi a baki. Ina sayar da koko da ƙosai a Aboabo, a nan Kumasi, toka kuwa ba ta yanke mini.

Shekara huɗu ke nan da kawuna ya kawo mini 'ya'yanta jajaye a ƙunshin ganye daga gonarsa ta hanyar Mampong. Asantawa ke ce mata asaa, mutanen Ga a Accra su ce taami. Ya ce, "Ki tsotse, ki binne ƙwallon yau-yau. In ya bushe ba ya tsira." Na shuka shida a yankakkun jarkoki, biyu suka fito. Daga nan sai haƙuri, domin itaciyar nan ba ta san sauri ba. Shekara biyu cur da kyar ta kai gwiwata, amma ganyenta kore shar rani da damina, ko hunturu bai kaɗe shi ba, muddin tana inuwar mangwaro ana yayyafa mata ruwa.

A shekara ta uku gajen haƙuri ya kama ni. Mahaifiyata toka take barbaɗa wa barkono da gauta, ni ma haka na taso ina yi, kuma yana yi musu kyau. Sai na fara juye wa asaa tafi guda duk bayan kwana biyu, wai in ba ta ƙarfi. Da hannuna na yi, da kyakkyawar niyya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Bayan wata biyu sabbin ganye suka fara fitowa rawaya fatau, jijiyoyin kawai suka rage kore. Na zaci yunwa ce, na ƙara toka. Ƙaramar ta zubar da ganye ta bushe ƙurmus.

Ɗan yayata da ke karatun noma a jami'ar KNUST ta nan Kumasi ya zo gaisuwa, ya tsuguna ya murza ƙasar a yatsunsa, ya ga fari-fari. Ya ce, "Inna, toka kika sa?" Na ce eh. Ya yi shiru kafin ya bayyana mini cewa asaa 'yar kurmi ce, ƙasa mai tsami take so, wajen 4.5 zuwa 5.8 a ma'aunin tsami da ake ce wa pH, toka kuwa kashe tsamin ƙasa take yi kamar yadda kanwa ke yi wa miya. Tsamin na raguwa, saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, ko da yana nan jibge a ƙasar. Wato ta yi wata da watanni abinci na gabanta ba ta iya ci.

Ranar muka fitar da wadda ta rage, muka kakkaɓe saiwar a hankali, muka sauya mata ƙasa da ruɓaɓɓen ganye daga gonar kawu. Na hana yara watsa mata ruwan wanki, shi ma sabulu aikin toka yake yi. Ruwan sama nake tara mata a duro. Wata huɗu ina leƙa ta kullum kafin in ga toho mai jaja-jaja ya fito ya rikiɗe kore. Duk mai son shuka ta, don Allah ya raba ta da toka ko da tsunkule ɗaya ne.

Bana ta yi fure, ƙanana farare, ƙwari suna ta shawagi a kai. Da 'ya'yan suka nuna, tsuntsaye suka riga ni. Wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da baƙin kai ke sauka tun kafin in dawo daga wurin sana'a. Maƙwabciyata ta ce in rufa gidan sauro, na ƙi. Shekara goma sha ina gidan nan ban taɓa jin kukan tsuntsu a tsakar gida ba sai na kaji. Na ma ajiye musu kasko da ruwa a gindinta.

Guda bakwai na samu na tsinka. Na ba jikata ɗaya ta tsotsa, na yanka mata lemun tsami. Ta runtse ido ta lasa, sai ta buɗe ta ce, "Kaka, sukari kika sa?" Ƙwallayen bakwai na binne su a ranar, da kuwa 'yar'uwarta tana raye da sun ninka haka.