Mikiya a kan bola

Ni ɗan Damagaram ne, ruwan da na sani bai wuce tafki ba. Sai ga ni a Dutch Harbor, cikin jihar Alaska, tsaye awa 12 a masana'antar sarrafa kifi, yatsuna sun ƙage cikin safar roba. Tsibiri ne fayau, itace sai ka nema, iska kuwa ba ta hutu. Mikiyar nan da Amurkawa ke bugawa a takardar dala, a nan kan bola take wuni, kamar ungulu a mahauta.

Wata uku na yi ina lissafin kuɗin komawa gida. Rannan muna shan shayi, wani dattijo da ya taɓa aikin gadin teku ya ce mini, “Ka san wanda ya riƙe tekun nan dā, ɗan baiwa ne?”

Michael Healy yake nufi. An haife shi a jihar Jojiya ta Amurka a 1839, ubansa ɗan Ailan, uwarsa baiwa mai jinin Afirka. Daga 1886 zuwa 1895 shi ne kyaftin ɗin Bear, jirgin katako mai tafiya da gawayi da filafilai, ƙirar garin Dundee na Skotland ta 1874. Duk bazara sai ya taso daga San Francisco, ya ɗebi gawayi a tsibirin nan namu, ya nausa arewa har Point Barrow, ƙarshen arewacin Alaska. Can babu hukuma sai shi. Shi ne alƙali, shi ne ɗan sanda, shi ke kai wasiƙa da likita, ya tsamo matuƙan da ƙanƙara ta matse wa jirgi, ya fatattaki masu sayar wa 'yan ƙasa barasa. Da yunwa ta addabi ƙauyuka, a 1892 ya yi jigilar barewar ƙanƙara daga Saibiriya don a koyi kiwonta. Ba waliyyi ba ne fa: ma'aikatansa sun koka da azabarsa, kuma barasar da yake hana wasu ita ta ja masa hukuncin kotun soja a 1896.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Da yake fari ne, a matsayin Bature ya yi rayuwarsa, bai bari an san asalin uwarsa ba. Ban ga laifinsa ba sosai, zamanin ne. Amma shekara da shekaru, mutum bai iya faɗin wadda ta haife shi!

Daren nan na kira Inna, su lokacin hantsi ya yi. Ta ce, “Wai da gaske ruwa daskarewa yake a can?” Na ce, “Har a gemuna, Inna.” Ta yi ta dariya har katina ya ƙare.