Sakatar ɗakin da ke fitowa daga jikin mota

Aikina kanikanci ne, amma motocin da nake gyarawa ana kwana a cikinsu, ana girki, ana wanka. Ina da ɗan ƙaramin kamfani a jihar Arizona ta Amurka, daga ni sai ɗan wana da motar kayan aiki guda. Ba mu da gareji, mu ke bin mai mota har inda ya yada zango. Kasuwarmu ta hunturu ce, lokacin da tsofaffi 'yan fansho ke gudo wa sanyin jihohin arewa da Kanada su cika hamadar Quartzsite, musamman a watan Janairu.

A yawancin hanyoyin Amurka faɗin mota ba ya wuce inci 102, wato ƙafa takwas da rabi. Wannan ya yi wa falo kaɗan. Shi ya sa tun farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Newmar na jihar Indiyana suka fara yin ɗaki a jikin motar wanda ke zamewa waje idan an tsaya, kamar durowar tebur, in za a tafi a mayar da shi ciki. Wani ƙarfin mai ke tura shi, wani kuma ɗan injin lantarki mai aiki da batir. Ƙarafan da ke tura ɗakin galibi a ƙasa suke riƙe da shi, sama kuwa sai robar da ke toshe iska. Don haka wasu motocin ake sa musu sakata a sama, wadda ke danne kan ɗakin da bangon mota yayin tafiya.

Wannan sakatar ce ta lalace wa wani dattijo da matarsa. Sun iso da yamma, suka danna makunni, suna jin injin sakatar yana kuka amma ɗaki ko motsi. Haka aka tsara abin: akwai ɗan makunni a jikin sakatar da ke shaida wa na'urar motar cewa an zare ta, in bai ba da wannan shaida ba, wuta ba za ta kai ga injin ɗakin ba. Dattijon ya san haka, domin ya yi karatunsa a intanet kafin mu zo. Abin da yake so shi ne in haɗe wayoyin ɗan makunnin nan biyu, in cire sakatar gaba ɗaya, ya huta.

Ba na yin wannan aikin, ko nawa za a biya ni. Ɗakin nasu yana ɗauke da kujerar falo da teburin cin abinci da kabad cike da kaya. Duk lokacin da mota ta sha kwana zuwa gefen da ba ɗakin yake ba, nauyin nan waje yake rinjaya, kuma kan ɗakin ne ke fara buɗewa. Ba lallai ya faɗo kan titi ba, amma roba za ta daina matsewa, ƙura da ruwan sama su sami hanya, katakon ƙasa ya fara ruɓewa a ɓoye, ƙarafan ƙasa su ɗauki nauyin da ba nasu ba. Na sha buɗe irin wannan katako, ka sa ɗan yatsa ya nutse. Gyaransa ya ninka kuɗin sakata nesa ba kusa ba.

Mun fara da batir, don rauninsa ne ke jawo yawancin kiran da ake mana. Mita ta nuna volt 12.6, lafiya lau. Fiyus ma ƙalau. Sai muka kwance katakon adon da ke saman ɗakin daga ciki, na haska da tocila. Haƙoran giyar, waɗanda na roba ne mai tauri, sun zube a cikin akwatin sakatar, sun cakuɗe da yashi da tsohon giris. Harshen ƙarfen sakatar ya ɗan lanƙwashe. Bututun da ke zubar da ruwa daga akwatin ya toshe da laka.

Ɗan wana ya ce, "Baffa, mu yi odar sabuwa kawai, gobe ko jibi mu ɗaura."

Na ce masa, "Dubi bakin farantin da harshen ke shiga tukuna. Me ka gani?"

Gefe ɗaya ya yi fes yana ƙyalli, fentin ya goge. Ma'ana harshen ya daɗe yana dukan bakin ramin maimakon ya shige. Muka zare sakatar da hannu, muka fitar da ɗakin, muka mayar, muka auna tazarar da ke tsakaninsa da bango ta hagu da ta dama. Ɗakin a karkace yake shiga, gefen baya ya sauka kusan rabin inci. In da mun ɗaura sabuwa a haka, ita ma haƙoranta za su bi na tsohuwar. A nan ne aikin gaske yake, kuma shi ne mai wuyar yi wa mai mota bayani, don yana ganin ƙaramin ƙarfe ne ya karye, ga shi kuɗin aikin hannu ya fi na kayan. Na kira shi ya hau tsani ya ga goguwar da idonsa. Bai ƙara musu ba.

Daidaita ɗaki aikin haƙuri ne. A sassauta noti, a ɗaga kaɗan, a ɗaure, a fitar, a mayar, a sake awo. Ɗan juyi kaɗan a ƙasa yakan zama babbar tazara a sama.

Kayan gyara yawanci daga yankin Elkhart na Indiyana suke fitowa, inda ake ƙera mafi yawan irin waɗannan motoci. Lambar da ke jikin tsohuwar sakata nake bi, ba na dogara da sunan mota da shekararta, domin a shekara guda ma ana iya canja mai kawo kaya. Kafin sabuwar ta iso, mun tokare kan ɗakin da sandar ƙarfe ta wucin gadi, na ɗaura jan ƙyalle a kan makunnin, don kada wani ya manta ya danna da sandar a ciki.

Ɗaura sabuwar bai ci lokaci ba. Na riga na ɗauki hoton wayoyin da wayata kafin in cire su. Muka wanke akwatin, muka busa bututun ruwan, muka sa abin toshe ruwa a ramin kowace ƙusa. Giris kaɗan na shafa, don a hamada shi ke tara yashi. Da sakatar ta kama, sai na saƙa takarda tsakanin roba da bango a kusurwoyin sama na ja, ta ƙi fitowa a duka biyun.

Matar ce ta nemi in rubuta musu yadda za su riƙa yi, ta manna kusa da makunni. Na buɗe littafin motarsu na bi abin da ya ce, don kamfanoni sun sha bamban kan ko a fara daidaita mota da jak ko a fara fitar da ɗaki. Na ƙara musu abu biyu daga wurina: su share rufin ɗakin kafin su mayar da shi, kuma su saurari ƙarar sakatar har ta tsaya kafin su danna komai.